Zanzaro a Bututun Tanki

Yaya Idi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zaman Kwatano? Ina Hajiya da yara? Mu nan Filinge lafiya lau, hatsi ya yi kyau.

Albishirinka! Tsohuwar motar sojan nan da ka ce in sayar wa masu tsohon ƙarfe ta warke. Wata uku tana mace mini a hanya kafin in kai garin Tabla. Na canza matatar gazuwal, a banza. Jiya ina buɗe murfin tanki sai na ji ya zuƙi iska. Ashe zanzaro ya yi ɗaki cikin bututun iskarsa, ya toshe shi, shi ya sa mai ba ya sauka! Da tsinken tsintsiya na gyara ta.

Yau ta kwaso damman Inna daga gona, Inna na zamne gaba, ta hana ni gudu, ko jaki ban wuce ba.

Ka sa mu addu'a, ka gaida kowa. In ka zo, sai ka ba motar haƙuri kafin ka hau ta.

Ƙanenka,
Sani