Allon Layi na Tashar Buza

Zuwa ga mahaifina, Malam Idi direba.

Assalamu alaikum, Baba. Gaisuwa da girmamawa daga 'yarka Rakiya, wadda kake tsokana da cewa sai an saye magana a bakinta.

Baba, allon yana wurina. Katakon nan mai rubutun sunan garin Madawa, da ake ɗorawa bisa motar da layin lodi ya zo kanta. Yana ƙarƙashin gadon Inna. Ban wanke jinin ba.

Ka tuna lokacin da gwamnatin jiha ta karɓe tsarin tasha daga sindika, ƙungiyarku ta direbobi, ta ba sabon kwamiti? Suka zo da riguna ruwan ɗorawa, suka ce an daina allo, su za su nuna motar da za ta yi lodi. Ka ce, "Tun ina yaron mota, allon nan ke hana mu faɗa."

Ranar kasuwar Buza layinka ne. Ka ɗora allon kamar kullum. Ina gefe da tiren ƙosaina. Sahabi maƙwabcinmu, da ya shiga kwamitin, ya hau motar ya jefo allon ƙasa. Ka duƙa ka ɗauka. Ban ji ka zage shi ba. Ya ɗaga ƙarfen kwance taya ya sauke maka a ƙeya, sai na ji kamar tulu ya fashe. Tasha ta hautsine, duwatsu, sanduna, gilasan motoci na zuba. Aka tattake ƙosaina cikin jininka. Na rungume kanka, bakinka na motsi, ni ko ihu na kasa.

Yanzu kwamiti sun ce cikin turmutsitsi ne, ba a san wanda ya buge ka ba. Abokanka na tsoron a hana su lodi, sun yi tsit. Sahabi har ta'aziyya ya zo, ya zauna bisa tabarmarka. Inna ta ce in rufe bakina, katanga ɗaya ta raba mu da shi.

Gobe jandarmomi za su saurari shaidu. Ka san ni, a lakwal, cikin aji, ko sunana aka kira sai in sunne kai. Amma zan tafi, Babana. Zan ɗora allon a kai kamar tire, in ratsa tasha da shi. In muryata ta ƙi fita, zan nuna Sahabi da yatsa.

Allah ya haskaka makwancinka, ya hutar da kai, ni kuma ya buɗe bakina gobe.

Taka har kullum,
Rakiya.