Zaren da ke hannun Sua

Zuwa ga Yaya Wa Meng,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fata kai da matarka Bao da yara kuna cikin ƙoshin lafiya, sanyin Minnesota kuma bai sake tayar maka da ciwon gwiwa ba. Kakanni su tsare gidanka, su ƙara maka tsawon rai. Mu nan Fresno lafiya lau. Barkono da yalo sun yi kyau bana, matata Mai Lee tana nan tana mitar kasuwar Asabar kamar yadda ka san ta.

Maganar 'yata Sua, wadda 'yarka ce kai ma, ita ta zaunar da ni rubutu. Ka san tun da ta shiga ƙaramar kwalejin garinmu burinta ɗaya ne, ta koma babbar jami'ar nan ta bakin teku ta ƙarasa karatunta. Amsa ta zo, ba su ɗauke ta ba. Da can babu mai kama ƙafarta a aji, amma a zango guda makinta ya zube, su kuma shi suka gani. Ba sai na faɗa maka wane zango ba ne, wanda Inna ta kwanta asibiti. Ni Turancina na sayar da barkono ne, don haka Sua ce ta zama bakinmu da kunnenmu. Ranar da likita ya ce abin ya fi ƙarfinsu, ita ta fara ji. Ta juya ta ce wa Inna wai likita ya ce ta ci abinci ta huta, domin haka muka hore ta, ba a ambaton mutuwa a gaban mara lafiya. Da wannan a cikinta ta ɗauki jaka ta tafi aji.

Sai jana'iza. Da kuka zauna da dattawa kuka sa rana, ta faɗo dab da jarrabawarta. Ba laifi nake ɗora maka ba, ranar da dangi za su iya tahowa ke nan. Duk kwanakin da aka yi ana ganga ana busa, tana madafa tana rabon shinkafa da naman sa. Ranar Litinin ta shiga jarrabawa da warin hayaƙi a gashinta.

Malamar da ke ba su shawara ta ce akwai sauran ƙofa. Sua ta rubuta wa jami'ar abin da ya faru, su sake duba batunta, amma ƙarshen watan nan za a rufe. Sua ta ƙi. Ta ce ba za ta baza ciwon kakarta a tebur kamar barkonon Asabar don baƙi su taya ba. Uwarta ta ce wannan taurin kai dai na gidanmu ne, kada kowa ya kalle ta. Da na matsa mata, sai ta tuna mini cewa a wurin jana'iza ka miƙe ka ce abin da aka gani a asibiti ya tsaya a cikin gida. Na san da masu yawo da baki kake, amma yarinyar nan ta ɗauki maganarka doka. Abin yana ci mini rai, Yaya.

Kafin Inna ta daina magana, ta ɗaura mata farin zare a hannu, ta sa mata albarkar karatu. Ka san kwana kaɗan muke barinsa. Nata ya shekara, har ya yi baƙi, kullum tana cewa sai ta shiga jami'ar za ta cire. Jiya da safe na same ta a bayan gida tana ƙoƙarin kwance ƙullin da haƙori. Bai kwantu ba, ta ja hannun riga ta rufe shi.

Kai ne babba, bakinka ne ya rufe maganar nan, shi kaɗai zai buɗe ta. Ka kira ta da kanka, ka ce mata ta rubuta.

Ka gaishe mini da Bao, da Kawu Neng, da su Tong da Mee. Mai Lee tana gaishe ku. Sua ba ta ba da gaisuwa ba, don ba ta san na rubuto ba. Ƙullin Inna yana da ƙarfi, amma zare ne, Yaya. Kada ka bari wata ya ƙare.

Ƙaninka,
Chue Feng