Tocilar Bindigar Baba

Yaya Ilu,

Bayan gaisuwa, a sanar da ɗaukacin gidanmu cewa na sayi tocila. Yaya Inna da ƙafarta? Ni lafiya lau, tarin ma ya kusa gajiya da ni.

Ƙarfen ɗora fitila a kan bindigar Baba kuwa, na zaga kasuwannin unguwar Xiaobei kaf a nan ƙasar waje, ban samu ba. Duk ɗan kasuwar da ya ga hoton bindigar sai ya ce "meyo", wato babu, yana kallon ƙofa. Ka ɗaure tocilar da robar keke, haskenta ɗaya ne. Ɓarayin da suka aiko saƙo wai mu tashi daga gidanmu, a gaya musu Inna ba ta ƙaura.

Da na ce bindigar adon bango ce, ban san sun shiga gidan maƙwabcinmu ba. Na yi kuskure.

Ƙaninka,
Abdulbaƙi