Saƙon Tuni ga Baba Isa

Litinin, 4 ga Nuwamba 2024

Yau Rostand ya gama haɗa abin. Tare muka yi makaranta da shi, yanzu yana gyaran kwamfuta a bayan babbar kasuwar Garoua. Ya haɗa WhatsApp ɗin wayar cinikin Baba da wata manhaja mai jera masu son saye. Duk wanda ya turo saƙo yana tambayar sa ko saniya, sunansa zai faɗa da kansa cikin wani akwati a allo. Akwati huɗu ne: sabo, ya taya, ya yi shiru, ya saya. Sau uku ya yi mini bayani da Faransanci, na ce na gane. Ban gane ba. Abin da na riƙe kawai shi ne, wanda ya faɗa akwatin shiru, na'ura za ta riƙa tuna masa duk bayan kwana biyu. Relance yake kiran wannan.

Baba bai ko dubi allon ba. Shekara talatin mahaifina Alhaji Muntaka yana cinikin shanu a kara da baki da hannu, ni kuma wata takwas ina roƙo kafin ya bar mini wayar. Ya ce zuwa ƙarshen wata. In abu ya lalace, waya ta koma aljihunsa, ni kuma in nemi wani aikin yi.

Ba zai lalace ba.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Mahauta ba sa karanta rubutu, sai saƙon murya. Don haka na ɗauki muryata: sallama, daga wajen Alhaji Muntaka ne, ana tambaya ko har yanzu kana son dabbar da ka taya, muna jiranka. Sau bakwai na sake ɗauka kafin ta yi mini daɗi. Rostand ya liƙa ta a akwatin shiru.

Suna goma sha tara sun shigo tun shekaranjiya. Biyu a ciki ƙawayen Inna ne masu gaisuwa kawai, ban san yadda ake fitar da su ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Baba Isa ya taya farin bijimin nan da aka kawo daga Tignère. Tsohon mahauci ne a kwata, abokin Baba tun kafin a haife ni. Baba ya ce in amsa masa da albarka, wato tayin bai kai ba. Na amsa. Daga nan bai ƙara tayi ba. Na tambayi Baba ko in bi shi, ya ce in bar shi ya sha iska.

Na ja sunansa zuwa akwatin shiru, tunda shirun ya yi. To ina kuma zan sa shi?

Talata, 12 ga Nuwamba

Abin ya ɗaure mini kai. Mutum huɗu sun dawo yau, wanda ya nuna na'urar tana aiki, har na tura wa Rostand hoton allo. Amma dukansu ƙasa da tayinsu na farko suka yi. Ɗaya ma ya tambaya ko shanun suna cin abinci sosai. Wani ya ce a buɗe bakin saniyar a ɗauko masa hoto.

Ina ce in ka tuna wa mutum zai ji ka damu da shi?

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Baba ya dawo daga kara ransa a ɓace. Ya ce dillalai suna kallonsa wani iri, wanda ya saba tsokanarsa yau har tabarma ya shimfiɗa masa. An ce likitan dabbobi ya zagaya garkenmu sau biyu ba tare da an kira shi ba. Baba yana ta lissafin wa ya yi masa sharri. Ni ina zaune ina tsince wake, ban iya haɗa wannan da wancan ba.

Na dai kira Rostand na ce ya kashe tunin. Ya ce in danna wani maɓalli mai ruwan toka. Maɓallai uku ne masu ruwan toka. Na danna biyu.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Bai mutu ba. Ashe duk wanda na taɓa sunansa a allo, na'ura tana ɗauka sabon shiru ya fara, sai ta sake tura masa. Jiya ina neman maɓallin na taɓa kusan kowa.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Ban san ta ina zan fara ba.

Da hantsi mai babur ya sauke buhun shinkafa a zaure, sabuwar shinkafa daga Yagoua. Baba Isa na biye da shi a ƙafa. Suka gaisa da Baba, suka ƙara gaisawa, ina jin su ta bayan labule. Can Baba Isa ya sassauta murya ya ce tun da suke tare, Alhaji bai taɓa bin mai saye ba ko sau ɗaya. Yanzu cikin mako guda an aiko masa sau huɗu ana jiransa, da muryar 'yarsa ma. Ya ce ko shanun ne ba lafiya, ko gida ne ya yi zafi, shi ba zai tambaya ba, amma wannan buhun na yara ne.

Baba ya yi godiya. Wallahi godiya ya yi, ya raka shi har bakin titi. Da ya dawo ya tsaya gaban buhun. Sai ya kira ni, ya ce in kunna masa abin da na tura.

Na kunna. Muryar nan da na sake ɗauka sau bakwai.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Nazira, a kara mai dabba ba ya fara magana bayan albarka. Wanda ya fara, shi ne a matse."

Na ce ba wanda ya taɓa gaya mini. Ya ce shi ma ba wanda ya gaya masa.

Na yi kuka a ɗaki, na kunya da na haushi. Rabin haushin na Rostand ne, duk da shi bai taɓa sayar da ko akuya ba.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Rostand ya zo ya cire muryar gaba ɗaya. Yana ta cewa a ko'ina cikin duniya haka ake bin mai saye. Na ce to ban da kara.

Daga nan na tafi gidan Baba Isa, ban gaya wa kowa ba. Na durƙusa na yi masa bayani tiryan-tiryan: na'ura ce, ni na haɗa, Baba bai sani ba, shanu lafiyarsu ƙalau. Har allon na nuna masa da akwatunan. Ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai. Sai ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Haka ake so, ɗa ya rufa wa ubansa asiri."

Na rantse. Ya ce ba sai na rantse ba.

To yanzu me ya rage? Gaskiyar ma ba ta shiga.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Na gaya wa Baba. Ya yi dariya a karon farko, amma gajeriya. Ya ce magana ce ta ɓata, magana ba za ta gyara ba. Ba za a sayar da ko ɗan maraƙi ba sai kasuwa ta gaji da jira, ciyawa da dusa kuwa daga aljihunsa. Shinkafar ma ba a mayarwa, cin fuska ne. Yau ita aka dafa. Ban iya ci ba.

Bai karɓi wayar ba. Bai kuma ce in riƙe ba.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Shiru. Allon ya cika da sunaye, ba wanda ya motsa. Hannuna sai ƙaiƙayi yake.

Da yamma na zauna kusa da Baba na tambaye shi kowane mutum kwana nawa yake ɗauka kafin ya dawo. Na yi zaton zai kore ni. Sai ga shi yana faɗa ɗaya bayan ɗaya, wannan uku, wancan sai ya ga wani ya zagaya dabbar, Isa kuwa ba ya wuce goma sha biyu. Na rubuta a ƙarƙashin sunan kowa. Ban sani ba ko manhajar don haka aka yi ta.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Baba Isa ya turo saƙon murya da safe, Baba yana garke. Ya ce ya ga bijimin har ya ƙara ƙiba, ashe dai Alhaji da sauran ƙarfinsa. Ya ƙara a kan tayinsa na farko, ƙari mai kyau. Da makon jiya ne da na ruga da gudu ina neman Baba.

Na saurara sau biyu. Na gaishe shi, na tambayi iyali, na ce albarka, na kife wayar. Ban san me ya shige ni ba, ban tambayi kowa ba.

Da Baba ya dawo na faɗa masa. Ya dube ni, ya dubi wayar, ya ce cajinta ya yi ƙasa, in je in sa mata.