Takardar da Inna ta ajiye a ƙasan adaka

Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku ji ni har ƙarshe kafin ku zage ni.

Lokacin babban fari ina ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin gidan likita wajen garin Gazawa. Akwai wata dattijuwa, Inna nake ce mata, mai tsaya wa matan da aka yi wa fyaɗe. Ni nake duba mace in rubuta abin da na gani da Faransanci, ita kuma ta kai takardar wurin jandarma. Inna ba ta yi lakol ba, wato boko, da idona take karatu.

Wata rana ta riƙo hannun wata Bafillatana da shanunsu suka ƙare. Bafillatanar ta je karɓar hatsin taimako ne, mai awon hatsin ya ja ta cikin sito. Na duba ta, wallahi na ga komai. Amma daga hannun mutumin nan garin kunun yaran da ke kwance wurina yake fitowa, har da tiyar hatsin da yake ƙara wa mahaifiyata. In aka kama shi wa zai ba mu? Haka na yi ta faɗa wa kaina, alhali tsoro ne da son zuciya. Na rubuta cewa daga kan jaki ta faɗo.

Inna ta ce, "Ɗiyata, kin sa duka?" Na ce, "Duka, Inna." Ta ɗaure takardar a bakin zane, suka tafi a ƙasa cikin rana. Jandarma suka karanta, suka miƙo mata abarta, suka kore su. Matar ta bi ayari ta yi kudu, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Har yau in na ji kukan jaki sai in ga yadda ta rufe fuska da hannu tana ce mini, "Na gode."

Inna ta ɗauka cin hanci aka ba jandarma. Yanzu ta makance, tana kwance ba ta tashi. Jiya ta lalubo takardar daga ƙasan adaka ta ce, "Ke kaɗai ba ki taɓa cin amanata ba. Karanta mini, in ji gaskiyar da munka kai anka ƙi." Na ce na manta tabarau, sai gobe.

Goben ta zo, jama'a, takardar tana hannuna. In sake yi mata ƙarya ta mutu tana sa mini albarka, ko in karanta abin da na rubuta? Me zan yi?