Dutsen Da Ya Ƙi Kumfa

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya ƙafar Baba? Allah ya ƙara sauƙi.

Na ji an gaya maka sata ta sa aka kore ni, har ka ce na kunyata ka a inda ka roƙar mini aiki. Ka daure ka ji abin da na gani ranar Talata da safe.

Ka san aikina: in wanke duwatsun da injin haƙa ke zarowa, in jera a akwati, in ɗiga musu asid. Dutsen farar ƙasa lafiyayye kumfa yake yi. Shekara biyu ina lura, duk inda ya yi baƙi, ya ruɓe, ya ƙi kumfa, nan gwaji ke nuna zinariya. Tsohon masanin duwatsunmu, kafin ya yi ritaya, ya gaya mini dalili. Tun zamanin da, ruwan zafi ya taso ta tsagogin ƙasa, ya cinye farar ƙasar, ya bar zinariya siririya wadda ido ba ya gani.

Sabon injiniya kuwa dutse mai ƙyalli yake nema. Akwatin rami na tara ya zo a marmashe, ya ce in zubar, shara ce. Na roƙa a gwada. Ya tuntsire da dariya, ya laƙaba mini Farfesan Buroshi. Ban zubar ba, na tura ƙarƙashin bencina. Ashe ya ɗiba ya aika gwaji a ɓoye.

Ranar Talata na shigo da bokitina, sai ga akwatin a kan tebur, har da farin ƙyalle, injiniya yana nuna wa manyan kamfani, wai shi ya gano zinariya a ciki. Har zancen ruwan zafin ya kwashe, yadda na faɗa masa. Muka haɗa ido. Kafin azahar takardar korata ta fito, wai na ɓoye kayan kamfani.

Yaya, me zan yi da zinariyar da ko allura ba ta tsinto ta? Aikin na haƙura da shi. Kai dai kada ka ɗauke ni ɓarawo.

Ka gaida Inna.

Ƙaninka,
Auta

Na manta. Ranar da injiniya ya ce in zubar, direban tanka yana rumfar da nake aiki, da mai gadi, da tsohuwar da ke share ofis. Mazan biyu sun ce ba su ji komai ba. Ita ta ce ka zo ka tambaye ta.