Na Zuba Tafarnuwa a Dilkar Amarya

Anti, don Allah ki cece ni, jibi Alhamis ne kamu.

Ni mai gyaran amare ce a Sheshe. Dilka gadonmu ce daga kakata Yagana da ta zo daga Borno, kuma ba amaryar da ta taɓa fita gidanmu ba ta sheƙi. To 'yata Binta ta gama jami'a, bincikenta a kan tsirrai ne. Ita ta ce zogale da tafarnuwa da ɓawon lemon tsami cike suke da wani abu wai antioksidan, mai hana fata tsufa. Kalmar ta yi min daɗi a baki, har na sa aka rubuta ta a ƙofar zaure.

Na ce tunda a miya muke cin su ba su kashe kowa ba, bari in zuba duka a dilka. Tafarnuwar ma ninkawa na yi. Na murje amaryar, Nafisa 'yar maƙwabciyata, daga goshi har dunduniya. Yanzu fuskarta ta kumbura, ido ɗaya da ƙyar yake buɗewa, ga ta tana tashin ƙamshin yajin daddawa. Da uwarta ta tambaya, na ce antioksidan ɗin ne yake fitar da datti. Baiwar Allah har godiya ta yi, ta ce a ƙara. Wallahi kunya ta hana ni cin abinci. In ƙara ne, ko in fasa ƙwan?

Mai Dilka, Sheshe

Hajiya Mai Dilka, ajiye turmin nan.

Binta ba ta yi ƙarya ba, tsirran suna da amfani. Sai dai ita a kwalbar gwaji ta auna, da ɗigo, ke kuma a fuskar 'yar mutane, da ludayi. Barkono ma a miya muke cin sa, ban ga kin yi kwalli da shi ba. Ɗanyar tafarnuwa tana ƙona fata, lemon tsami kuma in ya haɗu da rana yakan bar tabo.

A wanke Nafisa da ruwa zalla, a kai ta wajen likitan fata yau, ki tafi da ragowar haɗin ya gani. Uwarta kuma ki gaya mata da bakinki, kafin dangin ango su ɗaga mayafi su gaya mata da nasu. Za ta yi fushi, ta kuwa cancanta.

Nan gaba kowane sabon haɗi ki ɗiga a bayan kunnenki, ki jira kwana biyu. Yagana ta gyara amaren Sheshe lafiya ba ta taɓa jin kalmar nan ba, don haka a goge ƙofar zauren.

Allah ya ba amarya lafiya, ya buɗe ɗaya idon kafin mai hoto ya iso.